Hoton Ƙwaƙwalwa da Tsinken Ashana: Yadda Aka Auna Amfanin Gwajin Amiloyid

A watan Fabrairu na shekarar 2004 aka kunna tukunyar nukiliya ta farko a Nijeriya, a Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke gefen Samaru. Ƙaramar tukunya ce ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30 a lokacin, wadda aka girka domin koyarwa da tantance sinadaran da ke cikin ƙasa da duwatsu da abinci. A farkon wannan shekarar ne kuma mujallar Annals of Neurology ta buga rahoton William Klunk da Chester Mathis na Jami'ar Pittsburgh da abokan aikinsu na Suwidin, wanda ya nuna cewa ana iya ɗaukar hoton amiloyid a cikin ƙwaƙwalwar mutum yana raye. Amiloyid shi ne furotin ɗin da ke taruwa ya dunƙule a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, wadda ita ce kan gaba cikin cututtukan da ke haddasa abin da Bahaushe ke kira gigin tsufa.

Aikin Samaru da na Pittsburgh ba su san da juna ba, illa dai tushen iliminsu ɗaya ne, wato sinadarai masu fitar da tururin nukiliya. Fiye da shekara ashirin ke nan, kuma dattijon da ya fara ɓata hanyar gida a Sabon Gari, ko tsohuwar ma'aikaciyar jami'a da ta fara manta sunayen jikokinta a Samaru, ba su da inda za a yi musu wannan hoto a garin. Abu ne mai sauƙi a sa wannan a jerin abubuwan da Arewa ta rasa. Amma kafin a kai ga ƙorafi akwai tambayar da ta rigaya: da a ce na'urar tana Shika, me za ta ƙara wa dattijon? Amurka ta shafe kusan shekara goma, ta ware wajen dala miliyan 100, tana neman amsa. Abin da ta samo bai fito sarai yadda masu sayar da na'ura suka so ba, bai kuma zo yadda masu sukarta suka yi hasashe ba.

Cutar da sai a gawa ake tabbatar da ita

A shekarar 1901 aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter, 'yar shekara 51, a asibitin masu taɓin hankali na Frankfurt a Jamus. Likitan da ya duba ta, Alois Alzheimer, ya bi lamarinta har ta rasu a watan Afrilun 1906, sannan ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita. Ya tarar da abubuwa biyu: dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka tantance furotin ɗin amiloyid, a 1992 kuma John Hardy da Gerald Higgins suka gabatar da ra'ayin cewa taruwarsa ce mafarin cutar, sauran ɓarnar biyo baya take yi.

Duk tsawon wannan ƙarni, likita ba ya iya cewa tabbas cutar Alzheimer ce sai an buɗe kan mamaci. A raye, zato ne mai ƙarfi ko mai rauni. Zaton kuwa yakan kuskure fiye da yadda ake tsammani, domin binciken gawa a manyan cibiyoyin Amurka ya sha nuna cewa wani kaso mai kauri na waɗanda ƙwararru suka ce suna da cutar, wani abu ne daban ya ci ƙwaƙwalwarsu: toshewar ƙananan jijiyoyin jini, ko lalacewar sashen goshi, ko wasu furotin na dabam. Saboda haka lokacin da aka fara gwada sinadarin Pittsburgh a jikin mutum a birnin Uppsala cikin Fabrairun 2002, likitocin ƙwaƙwalwa sun ɗauke shi a matsayin buɗi na gaske.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana haɗa wani sinadari mai son manne wa amiloyid da ƙwayar zarra mai fitar da tururi, a yi wa mutum allurarsa, a jira ya zaga ya isa ƙwaƙwalwa, sannan na'urar PET ta gano inda tururin ya fi taruwa. Matsalar ita ce lokaci. Sinadarin Pittsburgh da kabon-11 ake yin sa, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk minti 20, don haka sai asibitin da ke da injin ƙera shi a harabarsa. Da aka koma ga fulorin-18, mai raguwa da rabi duk minti 110, sai kasuwa ta buɗe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da florbetapir a Afrilun 2012, da flutemetamol a 2013, da florbetaben a 2014.

A nan ne tukunyar Samaru ba ta da taimakon da za ta bayar. Fulorin-18 na asibiti ba a tukunya ake samar da shi ba, sai a wani inji daban da ake kira saikulotiron, mai harba ƙwayoyin zarra cikin tsananin gudu. Sai a farkon shekarun 2020 aka samu na'urar PET da irin wannan inji a wata cibiya mai zaman kanta a Legas, kuma ciwon daji ne babban aikinta. Wanda ya ɗauko allurar daga Legas a mota, in tafiyar ta ci masa awa 11, abin da zai iso da shi Zariya kashi ɗaya ne cikin 64 na ƙarfin da ya taso da shi.

Matakala mai hawa shida

Tun kafin zuwan wannan hoto, masana biyu, Dennis Fryback da John Thornbury, sun wallafa wani tsari a 1991 na auna amfanin kowane irin hoton asibiti. Sun kamanta shi da hawa shida. Na farko, shin na'urar tana fitar da hoto mai kyau? Na biyu, shin abin da hoton ya nuna gaskiya ne? Na uku, yana sauya tunanin likita game da cutar? Na huɗu, yana sauya maganin da za a bayar? Na biyar, majinyacin ya fi samun sauƙi saboda an yi hoton? Na shida, al'umma ta ci ribar kuɗin da ta kashe? Hikimar tsarin ita ce, hawa na ƙasa sharaɗi ne ga na sama, amma ba ya lamunce shi. Hoto na iya zama gaskiya tsantsa, majinyaci kuma ya koma gida yadda ya zo.

Hoton amiloyid ya haye hawa na biyu ta hanya mai ban tausayi. An nemi tsofaffin da ke dab da ajali suka yarda a yi musu hoton, suka kuma ba da ƙwaƙwalwarsu a duba bayan sun rasu. A rahoton 2012 kan mutum 59, hoton ya gano kashi 92 cikin 100 na waɗanda gawarsu ta nuna amiloyid mai yawa, bai kuma ɗora wa ko mutum ɗaya da ba shi da shi ba.

Sai dai ganin amiloyid daban, ganin sanadin ruɗewa daban. Wani babban nazari da mujallar JAMA ta buga a 2015 ya nuna cewa cikin mutanen da hankalinsu ke garau, kusan kashi 10 cikin 100 na 'yan shekara 50 suna ɗauke da amiloyid, adadin kuma yana hawa har kashi 44 a shekara 90. Ke nan ɗan shekara 85 da hawan jini ya lalata wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa yana iya fitowa da hoto mai nuna amiloyid, alhali amiloyid ɗin ɗan rakiya ne. Takardar amincewar da hukumar Amurka ta bayar ma ta faɗi haka: hoton da bai nuna komai ba yana rage yiwuwar cutar Alzheimer ƙwarai, wanda ya nuna kuwa bai isa hujja shi kaɗai ba.

Da wannan ne hukumar inshorar lafiyar tsofaffi ta Amurka, wato Medicare, ta tsaya kai da fata a Satumbar 2013. Ta ce ba za ta biya kuɗin hoton ba sai ga wanda ya shiga binciken da zai auna amfaninsa, shi ma sau ɗaya tak. An yi ta sukarta da rowa. Amma tambayar da ta yi halattacciya ce, domin magungunan da ake da su a lokacin, irin su donepezil da memantine, alamu kawai suke ɗan sassautawa, kuma likitoci na bayar da su ko da hoto ko babu.

Abin da mutum dubu goma sha takwas suka nuna

Binciken da ya biyo baya, mai suna IDEAS, ya fara a 2016 ƙarƙashin jagorancin Gil Rabinovici na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco. An shigar da tsofaffi fiye da 18,000 waɗanda ƙwararru suka duba amma ba su tabbatar da sanadin matsalarsu ba. Kafin hoto, likita zai rubuta cutar da yake zato da abin da ya yi niyyar yi. Bayan kwana 90 sai a duba abin da aka yi a zahiri.

Sakamakon farko ya fito a Afrilun 2019, kan mutum 11,409. An sauya tsarin kulawa ga kashi 60.2 cikin 100 na masu ƙaramar matsalar tunani, da kashi 63.5 na masu cikakken gigi. A kashi 25 cikin 100, likita ya janye zatonsa na cutar Alzheimer, a kusan kashi 10 kuma ya koma gare ta bayan da can yana zaton wata. Masu binciken sun sa ran sauyi a kashi 30 ne, sai ga shi ya ninka. Hawa na uku da na huɗu sun samu.

Ya kamata a tsaya a kan wannan adadi, domin an yi ta yawo da shi fiye da ƙimarsa. Ba a raba majinyatan da ƙuri'a ba, wato babu rukunin da aka bari ba hoto domin a ga sau nawa likita ke sauya shawara cikin wata uku don kansa. Likitocin da suka shiga kuma masu sha'awar hoton ne tun asali. Sannan kalmar sauyi ba ta bambance gyara da ɓarna ba. Likitan da ya ga amiloyid ya ƙara wa tsoho ƙwaya, ya sauya kulawa, ko ƙwayar ta amfane shi ko ta hana shi cin abinci. Turawa sun rufe wani ɓangare na wannan giɓi da binciken AMYPAD, wanda ya yi amfani da ƙuri'a: bayan wata uku, likitoci sun kai ga cikakkiyar natsuwa kan cutar a kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoto da wuri, a kan kashi 11 na waɗanda aka jinkirta wa. Natsuwar likita ce aka auna a nan ma.

Hawa na biyar shi ne ya gagara. IDEAS ya kwatanta waɗanda aka yi wa hoto da takwarorinsu daga kundin Medicare, ya ƙirga waɗanda aka kwantar a asibiti cikin wata 12. An ɗora buri a kan raguwar kashi 10 cikin 100. Abin da aka samu shi ne kashi 24 a kan kashi 25.1, raguwar da ba ta kai rabin burin ba, zuwa sashen gaggawa kuwa bai ragu ba. Masu kare hoton sun ce ma'aunin ne bai dace ba, tunda iyalin da suka san sunan cutar mahaifinsu suna samun abin da lissafin gadon asibiti ba ya kamawa: su daina yawon neman magani, su shirya al'amuran dukiya da kulawa tun yana iya sa baki. Wannan magana tana da nauyi, kuma duk wanda ya ga yadda gida ke shiga ruɗani tsakanin masu cewa sammu ne da masu cewa tsufa ne kawai zai gane ta. Amma masu binciken da kansu suka zaɓi ma'aunin kafin su ga sakamako.

Ibadan, sannan Zariya

Wani abu da ya fito daga IDEAS ya shafi Nijeriya kai tsaye. Baƙaƙen fata ba su kai kashi 4 cikin 100 na mahalarta ba, kuma nazarin da aka buga a 2022 ya nuna cewa su da 'yan asalin Latin Amurka da Asiya, ko da matsalar tunaninsu ta yi daidai da ta farare, ba su cika nuna amiloyid kamar su ba. Wato a cikinsu wasu sanadai, musamman na jijiyoyin jini, suna da kaso mafi girma. Dole ta sa aka buɗe zagaye na biyu na binciken domin shigo da waɗanda aka bari a baya.

Ga masu bin tarihin likitanci a Nijeriya wannan ba sabon labari ba ne. Tun 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka fara kwatanta tsofaffin unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis, da ma'auni iri ɗaya. Rahotonsu na 1995 ya samu gigin tsufa a kashi 2.29 cikin 100 a Ibadan, a kan kashi 8.24 a Indianapolis. Na 2001, wanda ya ƙirga sababbin kamuwa a shekara, ya samu kashi 1.35 a kan 3.24. Har ƙwayar gadon nan ta APOE4, wadda ke ƙara haɗarin cutar ƙwarai a jikin Turawa, tasirinta ya zo da rauni a Yarabawa. Osuntokun, wanda ya rasu a 1995, ya kuma duba ƙwaƙwalen mamata a Ibadan, ya ba da rahoto a mujallar Lancet a 1994 kan amiloyid a ƙwaƙwalwar 'yan Nijeriya da ba su yi gigi ba.

Aikin Ibadan ya bar gadon kayan aiki marasa tsada. Gwaje-gwajen Turawa suna sa tsoho ya zana siffofi da fensir, abin da ke kayar da lafiyayyen mutumin da bai taɓa riƙe fensir ba. Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka musanya fensir da tsinken ashana huɗu: mai gwaji ya jera su a wata siffa, tsoho ya kwaikwaya. Suka haɗa da tambayoyin da ake yi wa tsohon da kuma wani na kusa da shi wanda ya san yadda yake a da.

Da irin waɗannan kayan ne likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Abdulkareem Jika Yusuf da Taiwo Lateef Sheikh da abokan aikinsu, tare da Baiyewu, suka shiga unguwannin Zariya. Rahotonsu ya fito a mujallar International Psychogeriatrics a 2011. Cikin tsofaffi 322, kashi 2.79 cikin 100 ne ke da gigin tsufa, wato mutum tara. An danganta kashi biyu cikin uku ga cutar Alzheimer, sauran ga jijiyoyin jini. Adadin ya yi kusa da na Ibadan, kuma shi ne abin da aka daɗe ana dogaro da shi game da Arewa. Amma mutum shida da mutum uku ne, kuma rabon ya tsaya a kan hukuncin likita, irin hukuncin da IDEAS ya nuna ana janye shi sau ɗaya cikin huɗu a inda aka fi kowa kayan aiki. A nan hoton amiloyid zai yi aikin da babu gardama a kansa, aikin bincike: a san mene ne ainihin abin da ke cin ƙwaƙwalwar tsofaffin Zazzau. Hanyar da Turawa suka bi ta binciken gawa kusan a rufe take, domin Musulmi ba ya kwana biyu ba a kai shi makwancinsa ba, kuma iyalai ƙalilan ne za su yarda a taɓa kan mamacinsu.

Ga majinyaci guda kuwa lissafin ya sha bamban. Samaru cike take da waɗanda suka kama aiki a jami'ar cikin shekarun 1970, Sabon Gari kuma da tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa, da yawansu na fama da hawan jini da ciwon sukari da ba a kula da su yadda ya kamata. Idan aka kawo irin wannan dattijo asibiti, abin da zai fi sauya makomarsa shi ne a auna jininsa, a duba ƙarancin bitamin B12 da aikin ƙwayar maƙogwaro, a tambayi magungunan da yake sha, a bincika ko ciwon damuwa ne ya rufe shi ko kunne ne ya daina ji, a yi hoton CT ko MRI domin a ga ko jini ne ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan wata faɗuwa da aka manta. Wasu daga cikin waɗannan ana warkar da su sarai. Kwamitin masana na Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na gigin tsufa a duniya yana da nasaba da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini da rashin ji da ƙarancin ilimi.

Lokacin da magani ya zo

Abin da ya warware taƙaddamar a Amurka ba sabon awo ba ne, zuwan magani ne. A Yulin 2023 aka ba lecanemab cikakkiyar amincewa, donanemab ya biyo baya a Yulin 2024. Dukansu suna share amiloyid daga ƙwaƙwalwa, ba a kuma bayar da su sai an tabbatar akwai shi. Nan take hoton ya tashi daga mai gamsar da likita ya koma ƙofar shiga magani, kuma a Oktobar 2023 Medicare ta ɗage takunkuminta na shekara goma.

Amfanin hoton yanzu ya rataya a wuyan amfanin maganin, shi kuwa ana kan ja-in-ja a kansa. A gwajin mutum 1,795 na tsawon wata 18, lecanemab ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100, wanda a ma'auni mai maki 18 bai kai rabin maki ɗaya ba. A gwajin an riƙa ɗura shi ta jijiya duk mako biyu, kusan mutum ɗaya cikin takwas yana samun kumburin ƙwaƙwalwa, don haka sai an riƙa bibiya da MRI, farashin da aka sa masa a 2023 kuma dala 26,500 ne a shekara. Hukumar da ke tantance magungunan da gwamnatin Ingila za ta saya ta duba wannan lissafi ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Hawa na shida ke nan, kuma ƙasashe biyu masu arziki sun ba da amsa biyu.

Mai yiwuwa hanyar Zariya ba ta saikulotiron za ta bi ba sam. A Mayun 2025 hukumar Amurka ta amince da gwajin jini na farko mai nuna alamar amiloyid, ga 'yan shekara 55 zuwa sama da ke da alamun cutar. Kwalbar jini ba ta raguwa da rabi duk minti 110, firji kawai take buƙata. Sai dai iyakokin da ke raba sakamako mai kyau da marar kyau an tsayar da su ne a kan wasu al'ummu, ciwon ƙoda ma yana iya karkatar da su, kuma darasin Idikan ya isa ya hana a ɗauke su yadda suke. Kafin a amince da gwajin a kan ɗan Sabon Gari, sai an gwama shi da wani ma'auni tabbatacce a jikin mutanen wurin. Gawa ba ta samuwa, PET ta yi nisa. Saura na uku, wato auna amiloyid a ruwan ƙashin baya, wanda sakamakonsa ke dacewa da na hoton a mafi yawan lokuta. Ɗiban wannan ruwa kuwa aiki ne da likitocin Arewa suka ƙware a kai tun suna ɗalibai, saboda sanƙarau.